Mutanen Yumɓun Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya yara? Tunda ka ce ba ka samun sukunin ɗaukar waya, na koma takarda, ko ita za ta ci sa'arka.

Jikin Baba da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa a wasiƙa. Ɓarin damansa har yanzu a shanye yake, bakin ma bai dawo ba. Likita ya ce a ba shi yumɓu ya riƙa matsawa da hagu don kada ita ma ta mutu. Ka san Baba. Mutumin da ya tsufa yana tsintar ƙananan kusoshi a cikin agogon mutane ba zai zauna yana cuɗa laka a banza ba. Ya sa na ɗauko masa akwatin kayan gyaransa, yanzu mutane yake ginawa, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Da marigayiya Umma ya fara, har da yadda take karkatar da kai in za ta yi faɗa. Na shigo da maganinsa na gan ta a kan taga, sai da na nemi wuri na zauna. Gwaggo ta yi ta mita wai bai dace ba, amma da ya gina ta ita ma, cewa ta yi ya rage mata kumatu. Kukan nan marar sauti da Baba yake yi tun da ciwon ya same shi ya daina, yana kuma cin abinci.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka. Ban ga amsa ba, na ɗauka dai lafiya ce ta ɓoye ka.

Ɗakin Baba ya cika da jama'a. Na daɗe ban gane tsarinsa ba: masu rai a kan teburin magani, waɗanda suka rasu a kan tagar da ke gefen gadonsa. Umma na can, da Kawu, da mai gyaran takalmin da suka yi maƙwabtaka a wurin aiki. Idan rana ta faɗo ta tagar, inuwarsu har kan bargonsa take zuwa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Sharar ɗakin ma da sauri nake yi, kaina a sunkuye.

Kai ma ya gina ka, da kafaɗun nan naka da hannu a aljihu. Sai dai babu fuska. Yakan ɗauki tsinken ƙarfensa ya daɗe a kanta, sannan ya shafe da babban yatsa. Na nuna masa hotonka a waya, ya duba, ya miƙo mini kamar na nuna masa ɗan wani. Fuskar Umma da ke cikin ƙasa bai manta ba, taka da ke yawo a duniya ce ta ɓace masa. Ka zo ya gan ka, ko wuni ɗaya ne.

Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Shekaranjiya da safe na tarar da kai a kan taga, kusa da Umma. Na sauko da kai tebur, na yi masa faɗa kamar yadda nake yi in ya ƙi magani. Na ce masa kana nan da ranka, aiki ne ya riƙe ka. Ya kalle ni bai yi fushi ba. Kafin in dawo daga kicin ya mai da kai.

Jiya ya gina na ƙarshe, wani tsoho mai karkataccen baki, hannu ɗaya a cinya. Bai jira ya bushe ba ya ɗora shi tsakaninka da Umma, ya rufe akwatin kayan aikin ya tura mini. Tun daga nan ko ruwa sai da lallashi.

Naka dai na ɗauke shi. Na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma don kada fuskar ta bushe kafin ka iso. Yau na ga ta fara tsagewa.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta