Inna, Ƙetarewar da Kika Yi Mini Ba Ta Kama Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ɗanki ne, Dogo.

Inna, furfura ta fito mini. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, gemun duk ya yi fari fat. Ke na so in fara gaya wa, don ke kika san abin da hakan ke nufi a gidanmu.

Baba bai ga furfurarsa ba. Ranar da ya rasu a Birnin Tudu, da aka zo auna shi don haƙa kabari, kara ɗaya bai isa ba, sai da aka ɗaura wani. Ƙanensa ma dogo ne, shi ma da ƙuruciya ya tafi. Tun daga nan kika sa wa ranki tsawo ne ke cinye mazan gidan.

Kowa ya san ba a ƙetare yaro, wai kada ya ƙi tsawo. Ke kuwa da gangan kike yi! Ina kwance kan tabarma bayan azahar, ina barcin ƙarya, sai in ji bakin zanenki ya shafi fuskata, kina cewa ƙasa-ƙasa, "Allah shi tsai da kai hakanan." Sannan ki zagaya ta bayan turmi, don kada ki sake ƙetaro ni ki warware abin da kika ƙulla.

Ina! Tun kafin in yi aure sai na duƙa nake shiga ɗakinki. Ki ɗaga kai ki dube ni, ki yi tsaki, kamar da gayya na yi.

Tsoron nan naki na gada, na daɗe ina fama da shi. Ƙarshe dai na kai kaina wurin likita a Mafara, na tambaye shi ba kunya. Ya yi murmushi, ya ce masu bincike sun ɗan lura gajeru kan fi daɗewa, amma wannan ba hukunci ba ne a kan kowa. Da ya auna ni sai ga hawan jini. Wa ya sani ko shi ya ɗauke su Baba? Yanzu ina shan magani, na rage gishiri, kuma har yau da ƙafata nake zuwa gonar rani.

Jikarki Hauwa ta haihu a Maradun, ɗiya mace, an sa mata sunanki. Ke da kike 'yar duƙul, zo ki ga ƙafafun takwararki, zaƙo-zaƙo!

Da na je ganin jaririyar bayan arba'in, na iske ta kan tabarma tana barci, ba kowa a tsakar gida. Wallahi Inna, ƙafata da kanta ta ɗaga. A nan na gane irin son da kika yi mini, har hawaye suka zo. Na mayar da ƙafar ƙasa, na duƙa na ɗauke ta. Ta farka, ta damƙi farin gemun nan ta ƙi saki.

Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ita kuma Allah Ya raya ta har ta ga tata furfurar. Ba wanda zai ƙetare ta, Inna. Ki huta.

Ɗanki da ya ƙi tsayawa,
Dogo