Carafke a Ajin Matan Madachi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Ya jikin Ummi? Mu lafiya lau.

Ajin matan da nake koya wa karatun Hausa ya jawo magana. Na rubuta haruffa a duwatsun carafke, wadda ta cafe ta haɗa kalma ita ke zaɓar labarin soyayyar da zan karanta mana. Shugabar makaranta ta ce mini, "Amarya, ko shiriritar nan ko ajin."

Jiya Inna Laraba, mai jika tara, ta haɗa sunanta da kanta, ta rangaɗa guɗa. Wallahi ba zan zubar da duwatsun nan ba. In shugabar ta kore ni, tsakar gidana da faɗi.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Rabi