Askin Inabi a Tsakiyar Damina

Alhamis, 12 ga Disamba
Yaya Buasan ya ce sai an yi wa inabi aski ran Litinin. A Disamba, tsakiyar daminarmu! Duk garinmu na Probolinggo ko mahaukaci bai sa wa inabi almakashi da damina, furen ruɓewa yake. Wai ya ƙirga, kwana ɗari da biyar daga Litinin ranar sallah ce cif. Na ce ya bari sai Afrilu kamar kowa, mu sha a Agusta. Ya ce, "Tun, ke kin ji likita ya ambaci Agusta?" Na ji abin da likita ya ce, ai ni ke kai shi wankin ƙoda. Amma don zai mutu sai ya tafi da kurangar da Baba ya shuka? Na ɓoye almakashin a tulun shinkafa.

Litinin, 16 ga Disamba
Na dawo kasuwa na tarar da shi a kan tsani da wuƙar gyaran kifina. Mutumin da zaninsa ma sai na ɗaura masa! Ya riga ya yi wa rassa uku yankan banza, ruwa na ɗiga daga bakinsu. Na zazzaga masa masifa har Kasiyati maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ko a jikinsa. Ya sauko yana haki, ya ce tunda na iya, bismillah.
Na hau. Idon toho huɗu-huɗu na bar wa kowane reshe, na tsige ganyen kaf, na ɗaure rassan a jikin gorar rumfa. Yana ƙasa a kujera yana ba da umarni kamar shi ya koya mini. To, shi ya koya mini, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Talata, 17 ga Disamba
Rumfa tsirara, tsakar gida ba inuwa. Ban yi masa magana ba.

Lahadi, 29 ga Disamba
Kurangar ta yi toho. Yaya sai washe baki yake. Bari dai fure ya fito ya gamu da ruwa.

Laraba, 15 ga Janairu
Kwana huɗu ana tsuga ruwa. Furen gefen rijiya ya yi baƙi, taɓawa kaɗan ya zube. Na kwaso a tafin hannu na kai masa har gado, na ce ga sallarka. Ya juya wa bango fuska. Na so ya rama. Wallahi na so ya rama.

Asabar, 18 ga Janairu
Na sayo leda na rufe rumfar, ni kaɗai, iska na neman jefo ni. Kasiyati ta ce, "Yaya Misnatun, inabin ma rigar ruwa kika ɗinka masa? Saura takalmi!" Na ce ta ji da gwandarta da ko tsuntsu bai kulawa. Ba don shi na yi ba. Aikina ne ba na so ya tafi a banza.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Nonon inabi takwas suka tsira. Bara saba'in da wani abu na yanka. Reshen gabas kuma ya bushe ƙayau, wanda ya yanka da wuƙar kifi. Na so in faɗa masa, na shiga na ga yadda ƙafafunsa suka kumbura, sai na tambaye shi ko zai sha shayi.

Asabar, 1 ga Maris
An ɗauki azumi. Kullum da safe sai na kai kujerarsa ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga kai yana ƙirgawa, kamar ni zan sace.

Litinin, 10 ga Maris
Cokali biyu na shinkafa ya ci. Yau bai nemi a fitar da kujera ba. Inabin kuwa sai yanga yake, yanzu ya fara ja. Na tsaya a ƙarƙashinsa na zage shi tas, shi da ruwan, da likitan.

Laraba, 12 ga Maris
Kwana tamanin da shida da askin. Ni da na taɓa marin ɗana don ya tsinki inabi kafin lokaci, yau na yanko nono guda da hantsi. Ina azumi, ban iya ɗanɗanawa ba. Na ɓare ƙwaya ɗaya na sa masa a baki. Ya daɗe yana tsotsa, ido a rufe.
"Tsami," in ji shi. "Kin yi gaggawa, Tun. Kullum haka kike."
Na ce to ya tofar mana.
Ya buɗe baki a ƙara masa. Shida ya sha.
Har yanzu ina nan kan bakana, ba a aski da damina. Nono bakwai suka rage, sallah saura kwana sha tara. Na duba, in na raba kowanne uku, kullum kashi ɗaya, za su kai mu, har da ragowa.