Murfin injin da ke kan akurkin kajina

Salamu alaikum mai kula da shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ƙarasa karantawa kafin ku zage ni, don ni ma na gaji da zagin kaina. Ku yi haƙuri da rubutuna, bara na fara riƙe bik, wato biro.

Ni mutumin Kwaya ne, ina aikin injin niƙa na wani Alhaji a Bande. Tun da matata ta rasu, daga ni sai kaji huɗu a gida. Aboki ɗaya gare ni a garin nan, bari in kira shi Ila, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Injinmu yana da murfin ƙarfe da ke kare robar da ke juya shi. Robar nan ta riƙa zamewa, kullum sai na kwance murfi na mayar, har na ƙosa na cire shi gaba ɗaya. Da damina ta faɗi ruwa na dukan kajina, sai na ɗauke shi zuwa gida na rufe akurki da shi. Wai ni mai dabara!

Ranar da aka yi mana rasuwa a Kwaya, na roƙi Ila ya riƙe mini injin wuni ɗaya. Ya dubi robar a buɗe ya ce, "Ina murfin?" Kunya ta hana ni in ce yana kan kaji. Na ce, "Alhaji ya kai gyara." Ban isa Kwaya ba roba ta kama hannun rigarsa. Yatsu uku na hannun dama, a likitar Magariya, wato asibiti, aka ƙarasa cire su. Alhaji ya yi ta rantsuwa bai taɓa murfi ba, amma wa zai saurari mai inji ga mai rauni a kwance? Ni kuwa na yi gum.

Da ya warke, shi ya ja ni ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Ya ce, "Kai da dama, ni da hagu, mu ga wanda zai riga wani." Benci ɗaya muke zama, ni nake danne masa kaye, wato littafin rubutu, kada ya zame. Bana malaminmu ya kawo darasi kan haɗarin wurin aiki, sai ƴan aji suka tashi haiƙan. Muka zagaya injinan gari, muka sa maƙeri ya yi wa marasa murfi, muka rubuta alluna da hannunmu: kada a matso da riga mai faɗin hannu. Suka naɗa ni shugaban komiten wannan aiki, wai ni na san inji. Ni! Ana tafa mini ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kun taɓa zama cikin mutane ana yabonku, amma kuna jin babu wanda ya kai ku kaɗaici?

Yanzu aji ya yanke a rubuta wa magajin gari takarda, a kira Alhaji ya amsa laifin cire murfi, kuma ni aka ba rubutun. Ran Juma'a Ila ya zo gidana yana faɗa ina rubutawa. Ya zauna jikin akurki, ya aza kofin shayinsa a kan ƙarfen nan, ya ƙwanƙwasa shi da yatsu biyun da suka rage. Ya yi dariya ya ce, "Kai, ƙarfe mai kauri! Kajinka sun fi mutane gata." Da muka gama ya karɓi bik, ya rubuta sunansa da hagu, karo na farko ba da taimakona ba. Ya ce, "Sa naka a ƙasan nawa. Kai ne shaidata, ba ni da wanda na yarda da shi kamarka."

Na sa.

Takardar tana aljihuna, ran Litinin za a kai. In na yi shiru, an ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba, da rubutun hannuna. In na faɗa, wallahi tsoro nake ji, don Ila ne kaɗai ke yin sallama a ƙofata. Jiya ma ya aiko mini da fura.

Jama'a, me zan yi?