Ruwan da Baba Ke Sadaka da Shi Ba na Famfo Ba Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na ƙulla abin da na kasa kwancewa, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ne zai kwana a ciki.

Ni ma'aikaci ne a sakatariyar Ajingi, ina zaune a Gaya da iyalina, mahaifina kuma yana Gafasa, manomin gyaɗa ne da gero. Bayan rasuwar Innarmu, Baba ya sayar da shanun nomansa ya haƙa burtsatse mai sola a ƙofar gida. Mata da yara kyauta suke ɗiba, 'yan ga-ruwa ne kawai ke biya, kuma ya ce abin da suka biya ba zai ci ko sisi ba, sadaka zai riƙa yi wa Inna da shi. Ya damƙa famfon a hannun Yaya Sabi'u, ɗan wansa, magidanci mai iyali da yawa, ya ce ya riƙa cire ladansa yana turo min sauran ta waya, ni kuma in zuba a asusun Baba.

Asusun nan ni na kai shi ya buɗe. Tun a mota ya ja min kunne, ya ce ban da asusu mai kuɗin ruwa, shi bai taɓa ci ba kuma ba zai fara da furfura ba. Na ce to. A banki aka nuna min wani asusun karant da ake ɗan ƙara maka wani abu ƙarshen wata, ni da son banza na ce ai abin bai taka kara ya karya ba, zai ma rufe cajin da suke yanka, na nuna wa Baba inda zai dangwala.

Ƙarshen wata na je gida Gafasa sai ga alat a wayar Baba. Baba yana gane lamba sarai, Turanci ne bai iya ba, ya miƙo min wayar ya ce wannan na mene ne. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Kuɗin ruwa ne Baba." Sai ya washe baki ya ce, "Alhamdulillahi, famfon Innarku ya fara haihuwa." Ba wai bai san ɗaya ma'anar ba, amma ina zai kawo ta a ransa, bayan ya gaya min kuma na ce to? Na buɗe baki zan gyara, sai na tuna kuɗin da Yaya Sabi'u ya turo a watan na riga na sa su a gyaran babur ɗina. Na bar shi a haka.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk wata alat ya shigo, Baba ya je wurin mai POS ya ciro daidai wannan adadin, a sayi ƙosai a raba ranar Juma'a da sunan Inna. Ainihin kuɗin famfon kuma suna faɗowa wayata, wani wata in sayi kan famfo ko in biya mai gyara, saura kuwa ba zan ɓoye muku ba, ni na ci. Kullum sai in ce albashi na shiga zan mayar, yau fiye da shekara ke nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne Baba manomi ne, yana lura da lokaci. Da na ga adadin yana hawa yana sauka, na tambayi wani abokina ma'aikacin banki yadda ake fitar da shi. Ashe ba abin da ya rage ƙarshen wata suke dubawa ba. Kullum idan an tashi aiki, kwamfutarsu za ta duba abin da ya kwana a asusun, ta fitar da kason da suka yanka na shekara, ta raba shi gida ɗari uku da sittin da biyar, ta ajiye ɗan abin da ya fita. Gobe ma haka. Ƙarshen wata a tattara, a cire harajin gwamnati, a zuba maka. Wato iya yawan kuɗinka da iya kwanakin da suka yi a ciki, iya ruwanka.

To ku duba. Da kaka Baba ya sayar da gyaɗa ya zuba kuɗin, ruwan banki ya kumbura, alhali lokacin rijiyoyi a cike suke, 'yan ga-ruwa jefi-jefi suke zuwa. Da bazara kuwa ya kwashe kuɗin ya sayi taki da iri, ruwan ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi, alhali kurayen 'yan ga-ruwa sun yi layi har bakin masallaci, yana zaune a kan tabarma yana kallonsu da idonsa. Har dabara na yi, na zuba albashina a asusun na 'yan kwanaki ko adadin zai ɗaga, wallahi ko kuɗin fiya-wata bai ƙaru ba. Ina dawowa hayyacina na ce innalillahi, yanzu ni ne da hannuna nake neman ƙara wa Baba abin da ya ce ban da shi.

Makon jiya abin ya fashe. Baba ya kira Yaya Sabi'u ya tambaye shi yadda aka yi ciniki ya ƙaru kuɗi suka ragu. Yaya ya faɗi abin da yake turowa, Baba ya nuna masa waya ya ce ga abin da ya iso. Na ji an ce har Baba ya ce haƙƙin mamaciya ake ci, Yaya ya ajiye makullin famfon ya fita yana share hawaye, mutumin da ya goya ni ina yaro. Matarsa ta daina shiga gidanmu, maganar kuma ta fara zagaya unguwa.

Kowannensu ya kira ni. Yaya ya ce, "Ƙanina kai ne shaidata, kai nake tura wa, ka zo ka wanke ni." Baba kuma ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko, zai tara 'yan uwa, in karanta musu alat ɗin ɗaya bayan ɗaya, wai ni ne mai boko kuma ni ne ba zan yi masa ƙarya ba.

Kuɗin da na ci na fara haɗawa, babur ɗin ma na sa shi a kasuwa, kuma kunyar a ce min ɓarawo na yarda, ni na jawo. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Baba, ga hawan jini, ya ji cewa duk ƙosan da ya raba yana roƙa wa Inna rahama da kuɗin ruwan banki aka saye su. Matata ta ce in ce na riƙe kuɗin ne kawai, in bar maganar ruwan, amma to alat ɗin da ke wayarsa fa, in ce daga ina suke?

Malamai da manyan zauren nan, yaya zan yi? In same shi shi kaɗai kafin ranar, ko in fara zuwa wurin Yaya in durƙusa? Sadakar da ya yi cikin rashin sani, mene ne matsayinta? Ku yi min faɗa, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, jibi ne Juma'ar. Ɗazu Baba ya sake kira, ya ce in taho da cajar waya kada ta mutu muna tsakiyar karatu.