Injin da Ke Jin Kunya

Litinin, 6 ga Oktoba

Mun gama casar masara. 'Yan ajin ƙarshe ne suka shuka ta, suka nome ta, kuma na yi musu alkawari kowa zai kai wa iyayensa buhu ranar yaye su. Sai dai ruwa bai ɗauke ba, ƙwayar da danshi, in ka danna da farce sai ta lotsa. Shanya ba za ta yiwu ba. Gobe tarakta za ta jawo injin busar da hatsi daga rumfa zuwa bakin gona. Na gwada shi ni kaɗai a rumfar, taɓawa ɗaya murhun da ke cikinsa ya kama. Na ce su zo da idanunsu, wannan darasin ba ya cikin littafi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ya ƙi.

Na kwance murfin gefe don kowa ya ga yadda wuta ke tashi, na jera gajeru a gaba. Babbar fanka ta ɗauka, murhu kuwa ko tari, sai jar fitila. Dogo, mai ba aji dariya, ya ce, "Malama, ko sai mun tura shi irin motar kawuna?"

Gaskiya har daɗi na ji. Injin da ya lalace ya fi lafiyayye koyarwa. Na ce musu wuta abu uku take so: mai, iska, tartsatsi, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mun sami ɗan ruwa a gindin matatar dizal, muka zubar, muka fitar da iskar da ke cikin bututu. Har yanzu ja. Na buge hannun Dogo da ke ta danna maɓalli. In mai ya taru a ciki, ranar da ya kama da girar Dogo zai tafi.

Gobe zan gama da shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tartsatsi yau. Na nuna musu ƙarafa biyun da ke ba da shi, muka goge, muka daidaita tazararsu. Muka wanke bakin da ke fesa mai. Na zaro ɗan idon nan mai lura da ko wuta ta kama, Monita, shugabar ajin, ta goge shi da bakin hijabinta har yana ƙyalli. Yarinyar nan hannunta ba ya rawa. Ja dai.

Bayan an tashi, hadari ya taso, na mayar da murfi na ɗaure. Haka kawai na taɓa maɓalli, sai ga shi ya kama, fuu! Ba mai loda mini masara, ga ruwa, dole na kashe. Na ce wa Baban yara na gano, bakin fesa mai ne. Ya ce, "To Injiniya, a wanke hannu a zo a ci abinci."

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tara su, na buɗe murfi, har da ɗan jawabi. Ja.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi damuna ke nan. Monita ta cusa hannu cikin tarin masarar da ke ƙarƙashin tamfol, ta ce, "Malama, ta yi ɗumi." Na sunsuna. Tsami-tsami ya soma. Shugaban makaranta ya kira makaniki, wai sai mako mai zuwa. Kafin nan masarar ta yi fumfuna, ko kaji ba a ba wa.

Na ce musu kada kowa ya damu. Ban san ko fuskata ta yarda ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan da kyau.

Muna tsaye, murfi a ƙasa, rana ta fito tar, biyu daga cikinsu ma suna haska mini ciki da fitilar waya. Na ba su labarin yadda ya kama ranar Laraba. Dogo ya ce, "Allah Malama injin nan kunya gare shi. Ke kaɗai ya yi miki aiki, mu taru ya noƙe kamar sabon suruki."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Sau biyu ya kama, duka murfi a rufe. Idon nan ba ya bambanta harshen wuta da hasken rana. In ya ga haske tun kafin a kunna, sai ya ɗauka akwai wuta a ciki, ya hana mai, ya hana tartsatsi. Mu kuma har goge masa ido muka yi don ya ƙara gani!

Na ce a kashe fitilu, a ɗaure murfi. Monita ta ce, "To ta yaya za mu gani?" Na ce ba za mu gani ba, a yi shiru. Fanka. Ɗan ƙas-ƙas na tartsatsi. Sai fuu, iska mai zafi ta bugi ƙafafunmu. Ihun da suka yi har mai gadi ya rugo.

Mun loda kashin farko. Ta ƙasan tarin, wajen rabin buhu, ta riga ta yi baƙi. Mun zubar.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ƙwayar tana ƙaras a haƙori. Alhamdulillahi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Kashin ƙarshe. Da rana murhu ya mutu. Na miƙe da sifanar kwance noti a hannu, baki cike da bayani, sai na ga sun riga sun kewaye shi. Dogo ya kara kunne a jikin ƙarfe, ya ce tartsatsi na nan, mai ne ba ya zuwa. Monita ta nufi matata. Ba wanda ya waiwayo ni.

Na koma kan buhu na zauna. Ƙafata ce ke ɗan ciwo, shi ya sa. Sifanar ma ban san lokacin da na miƙa musu ba.