Jan Tsumma a Gonar Gero

Zuwa ga ƙanena Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya karatu, yaya baƙunta? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Ka ce in bana ma ruwa ya ɗauke, in yi wa geron da ya ƙi bushewa alama, in ajiye maka irinsa, ku bincika abin da ke cikin ƙwayarsa har yake jure ƙishirwa. To, ruwa ya ɗauke da wuri. Gonarmu ta hanyar Maigatari ta bushe ƙaf, sai tushe tara da ke naɗe ganye da rana, su buɗe da yamma. Na ɗaura wa kowanne jan tsumma.

Laifina ne, ban gaya wa Baffa ba. Ina kasuwar Gumel ya zaga gonar, ya ga komai ya mutu sai masu jan tsumma. Ya ce sammu aka yi mana, su suka shanye gonar. Ya tuge su ya banka musu wuta. Da na yi masa bayani, sai ya zauna a ƙasa. Har yau ba ya haɗa ido da ni.

Na tona tokar, na tsinci ƙwaya goma sha ɗaya. Ga su nan ƙulle a takarda. Ban sani ba ko wadda ta sha wuta za ta nuna muku wani abu, amma girbinmu na bana ke nan duka.

Ka sa mu a addu'a, musamman Baffa. A gaida mutan gida.

Yayanka,
Isa